Ruwa Na Tafiya, Gishiri Na Zama

Ɗana,

 Saƙonka ya same ni, na kuma ga hotunan akwatin gilashin da ka girka a falonka can Abuja. Tubarkalla, abin ya ƙayatu. Na ga 'yan kifayen nan biyu masu ruwan goro da ratsin fari, waɗanda yara ke kira Nemo tun bayan fim ɗin nan na 2003. Na ga jatan lande, na ga 'yan rassan murjani da ka jera a kan dutse. Ka ce za ka zo gida hutun ƙarshen shekara na kwana biyar, kana tsoron ka koma ka tarar ruwa ya ja baya, shi ya sa kake so ka sa na'urar da za ta riƙa yi maka ciko da kanta. Ka ce tunda na yi wannan kiwo a shekarun da na zauna Jidda, in ba ka shawara. To, gyara zama. Shawarar ba ta da yawa, amma da kuɗina da kafet ɗina na saye ta.

Da farko ka riƙe magana guda, ko ka manta da sauran kada ka manta da ita: ruwa na tafiya, gishiri na zama. Kakanka, Allah ya jiƙansa, kantun gishirin Bilma yake sayarwa a rumfarsa, irin wanda Abzinawa ke saukewa daga bayan raƙuma. Muna yara muka taɓa tambayarsa yadda ake samun gishiri a tsakiyar Sahara, ya ce ai rana ce ke yin aikin. Ramuka ake haƙawa, ruwan zartsi ya taru a ciki, rana da iska su shanye ruwan, gishiri ya kwanta, sai a kwashe a ɗura a mazubi. Abin da ke faruwa a ramukan Bilma shi ne ke faruwa a falonka, sai dai naka a sannu yake tafiya. Ko teku ma bai tsira ba. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, amma na Bahar Maliya yakan kai kusan 40, saboda zafin yankin da kuma rashin wani babban kogi da ke kwarara cikinta.

Mu yi lissafi da akwatinka. Ka ce da akwatin sama da tankin ƙasa, ruwansa lita 200 ne. Ke nan kana da gishiri giram 7,000 narke a ciki, kilo 7 cur. Ka kuma ce tunda hunturu ya kama, lita 3 kake zubawa kullum. Ban yi mamaki ba. Iskar da ke tsaga leɓe, ta busar da wanki kafin a gama shanya, ba za ta ƙyale akwatin da bakinsa ke buɗe ba. Ga na'urar sanyaya ɗaki ita ma tana tsotse laimar iska, ga fankar da ka sa tana hura saman ruwan. In ka yi kwana biyar babu ciko, lita 15 ta tafi, kilo 7 ɗin nan na nan daram cikin lita 185, awo ya tashi daga 35 zuwa kusan 38. In kwana goma ne, ya haura 41. Shi ya sa ba a yin ciko da ruwan gishiri. Abin da ya tafi shi ake mayarwa, kuma ruwan daɗi ne ya tafi.

Kada ka ce ai bambancin uku ko huɗu ba wani abu ba ne. Kifin teku, duk da yana tsundum cikin ruwa, kullum fama yake da ƙishirwa. Gishirin jininsa kusan sulusin na ruwan da yake iyo a ciki ne, don haka ruwan jikinsa ke ta zurarewa waje. Dole ya riƙa shan ruwan teku, yana fitar da gishirin ta sassan numfashinsa da ke gefen kai. Duk sa'ad da gishiri ya ƙaru, aikinsa ya ƙaru. Shi kifi ma da sauƙi, yana da dabara. Murjani da tauraron teku ba su da ita, ruwan jikinsu bin na waje yake yi, in ya hau su hau, in ya sauka su sauka. Jatan lande shi ma ba ya jure sauyi na farat ɗaya. A nan amfanin na'urar yake. Kai kana dawowa daga aiki ka juye lita 3 gaba ɗaya, gishiri ya yini yana hawa, ya faɗo cikin minti guda. Ita kuwa rabin kofi za ta zuba, ta dakata, an jima ta ƙara. Hutun da za ta ba ka ƙaramin abu ne a kan natsuwar da za ta ba halittun da ke ciki.

Sai maganar ruwan cikon kansa. Wannan ƙa'ida ta gishiri ba gishiri kaɗai ta shafa ba. Duk abin da ya shiga tare da ruwan ciko, ruwan zai tafi ya bar shi. Ko lita 2 kake zubawa a rana, a shekara ka zuba lita 730, ninki uku da ɗoriya na ruwan akwatinka. In ruwan famfo ne ko na burtsatse, to fosfet da naitiret da sauran abin da ke cikinsa suna nan suna taruwa, su ne takin gansakukar da za ta rufe maka dutse da gilashi. Ruwan famfo na iya zuwa da kulorin, wani kuma da ɓurɓushin jan ƙarfe daga bututu, shi kuwa jan ƙarfe guba ne ga murjani da jatan lande ko da ɗan kaɗan ne. Ka nemi ruwan da aka tace da matatar RO, in da hali wadda ke da sashen DI a ƙarshe. Ka sayi ɗan ma'aunin nan na TDS mai kamar biro, ka tsoma. Ruwan ciko na ƙwarai sifili yake nunawa ko dab da shi. Fiya wata ba abin dogaro ba ne sai ka auna, na wannan kamfani daban, na wancan daban. Ruwan batir na bakin titi kuwa ka yi nesa da shi, ba ka san abin da jarkar ta taɓa ɗauka ba.

Kafin ka sayi komai, ka yi mako guda kana ciko da hannunka. Ka manna salatif a jikin tankin ƙasa daidai inda ruwa ya kamata ya tsaya. Kowace safiya ka cika zuwa layin da gorar lita ɗaya, ka rubuta abin da ya ci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ka san akwatinka lita 3 yake sha a hunturu, lita ɗaya da rabi da damina, duk ranar da ka ga jarkar ciko ta ragu da lita 8 za ka san akwai magana. Wanda bai taɓa aunawa ba kuwa, sai ya cika jarka ya yi gaba, har yana yaba wa na'urarsa da ƙwazo.

Hanyoyin cikon uku ne. Ta farko ka san ta tun kana yaro, mashayar kaji ce. A kifa gora cike da ruwa, bakinta na taɓa saman ruwan akwati. In ruwa ya ja baya iska ta shiga, ruwa ya sauko, bakin ya sake nutsewa, ya tsaya. Ba ta buƙatar wuta, amma ta ƙaramin akwati ce. Ta biyu irin ƙwallon nan ne na tankin bayi. Jarka na sama, tiyo ya sauko zuwa bawul, ƙwallo ya faɗa bawul ya buɗe, ya taso ya rufe. Ita ma ba ruwanta da ɗauke wuta, illarta ita ce ƙwayar yashi guda kan hana bawul rufewa ruf. Ta uku ita ce kake nema, mai lantarki. Akwai ɗan inji a cikin jarka, akwai abin da ke sa ido kan ruwa yana kunna shi yana kashewa. Wani ɗan zobe ne mai yawo a saman ruwa, da maganaɗisu a cikinsa, ni ɗan-iyo nake ce masa. Wani kuma sensa ne mai aiki da haske, ba ya motsi. Masu kyau sukan haɗa biyun, kamar Osmolator na kamfanin Tunze na Jamus, sensa na aiki, ɗan-iyo na gadi a samansa.

Ka lura da inda za ka ɗaura sensan. A akwati mai tankin ƙasa, ruwan sama ba ya ja baya, don injin da ke mayar da ruwa kullum yana cika shi. Duk raguwar a ɗaki guda take bayyana, ɗakin ƙarshe na tankin ƙasa inda wannan inji yake zaune. Nan sensa zai zauna, nesa da kumfa, nesa da inda ruwa ke tangal-tangal, a ɗaure tam yadda hannu ko tiyo ba zai ture shi ba.

Yanzu bari in ba ka labarin kafet. Akwatina na Jidda lita 120 ne. Na sayo ɗan-iyo guda ɗaya, na haɗa da inji, na kawo jarkar lita 25 na cika ta fal don kada ta dame ni da ƙari. Wata uku abu na tafiya lafiya lau, har na fara yi wa abokai wa'azinsa. Wata Alhamis muka tafi Umra da gwaggonka, muka kwana biyu a Makka. Da muka dawo, tun daga ƙofa na ji ƙafata ta nutse a kafet, caɓal. Na leƙa jarka, wayam, ɗan injin na ta gurnani a busasshiyar jarka, ya yi zafi kamar dutsen guga. Na duƙa na haska tankin ƙasa da tocila. Wani ɗan dodon koɗi, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ya hau kan ɗan-iyo yana kiwon gansakuka abinsa, nauyinsa ya danne shi ƙasa. Ita na'ura a ganinta ruwa bai cika ba, sai ta yi ta zubawa har lita 25 ta ƙare. Na ɗiga ruwan a madubin awon gishiri, ya nuna 29. Kifayen suna nan suna numfashi sama-sama a bayan dutse. Jatan lande biyu sun kwanta a kan yashi, tauraron teku ya fara narkewa, murjani duk ya tsuke ya rufe baki. Ga maƙwabcin ƙasa yana ƙwanƙwasa ƙofa, silin ɗinsa na ɗiga. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Da na zauna na yi tunani, sai na ga dodon koɗi ba shi da laifi, kiwonsa yake yi. Na'ura ma abin da aka ce ta yi ta yi. Laifin nawa ne, ni da na ba ta ruwan da ya isa ya yi kisa. Daga ranar na daina tambayar ko na'ura za ta lalace, don duk abin da hannu ya ƙera yana da ranarsa. Abin da nake tambaya shi ne, ranar da ta lalace, ɓarnar me za ta iya yi? Amsar tana cikin girman jarka. In ka sa jarkar lita 15 kuma duk ta juye a akwatinka, awo zai sauka zuwa 32 da ɗoriya, halittun za su ji jiki amma akasari za su rayu. In durom ɗin lita 50 ka sa, zai faɗo 28, ga ambaliya a falo. Kada ruwan jarka ya wuce kashi 10 cikin 100 na ruwan akwati. Kuma kada wani ya ruɗe ka ka haɗa matatar RO kai tsaye da akwati don ka huta da cika jarka. Wannan jarka ce marar gindi ka ba na'ura.

Bayan jarka, ka sa gadi biyu. Na ɗaya sensa na biyu, ɗan sama da na farko, wanda zai yanke wa inji wuta in ruwa ya wuce layi. Gara ya zama wani iri daban, don abin da ya makantar da na farko kada ya makantar da shi. Ɗan-iyo, dodon koɗi da busasshen gishiri ke maƙale shi. Sensa mai haske, gansakuka da kumfa ke ruɗa shi. Ka kuma rufe ɗan-iyo da 'yar raga ko gwangwanin roba mai huji-huji. Gadi na biyu shi ne lokaci. Na'urori da yawa suna kashe kansu su yi ƙara in inji ya daɗe yana aiki. In taka ba ta yi, ka haɗa ta da agogon kashe wuta, ya riƙa ba ta 'yan mintuna sau uku ko huɗu a yini. Injin ma ka zaɓi mai tura ruwa a hankali.

Akwai wani ɓarawo da ba a jin takunsa. Ka san yadda 'yan bumburutu ke zuƙo mai daga tanki da tiyo, da zarar ya fara gudu ba ya tsayawa muddin bakin tiyon na ƙasa da man. Haka ruwan jarkarka zai yi in samansa ya fi bakin tiyon tudu. Inji zai mutu, ruwa ya ci gaba da zuba. Ka ɗaure bakin tiyon sama da iyakar ruwan jarka in ta cika. Kada kuma bakin ya nutse a cikin ruwan akwati, in ba haka ba sai ruwan gishiri ya juyo da baya ya cika maka jarka. A bar shi a sarari yana ɗiga, inda ruwa ke gudu don ya gauraya nan da nan.

Ka sani kuma ita na'ura tsayin ruwa kawai take gani, ba ta ɗanɗana gishiri. In wani bututu na yoyo, ruwan gishiri ne ke fita, ita kuma ruwan daɗi za ta mayar. In injin nan mai tara datti da kumfa ya haukace ya cika kofinsa, ruwan gishiri ya kwasa. Farin gishirin da ke bushewa a bakin gilashi shi ma ragi ne. In auduga ko ragar tacewa ta toshe, ruwa ya taru a sama, ɗakin ƙarshe ya ja baya, sai ta ɗauka ƙafewa ce ta hau zuba. Ranar canjin ruwa, ko za ka ɗebi ruwa a bokiti don sabon kifi, ka fara kashe ta, ka kuma tuna ka kunna. Sannan kowane mako ka auna gishiri da madubin awo, wanda ka daidaita da ruwan gwaji mai 35. In ka tarar ya sauka, kada ka watsa gishiri a akwati. Ka yi 'yan kwanaki kana ciko da ruwan gishirin da ka haɗa, ya hau a hankali, don kifi ya fi jure saukar gishiri a kan hawansa. Sannu ba ta hana zuwa.

Maganar wuta ba sai na tsawaita ba, ka san halin da muke ciki. Ka zaɓi na'ura mai aiki da ƙaramar wuta, bolt 12 ko kusa da haka. Kada ka bari wani mai gyara ya bi da wutar gida ta cikin ɗan-iyo, ruwan gishiri da lantarki ba sa ga maciji da juna. Soket ya kasance sama, kowace waya ta lanƙwaso ƙasa kafin ta hau zuwa gare shi, don ɗigon da ya biyo ta ya faɗi a ƙasa. In kana da inbata, injin da ke juya ruwa ya fi cancanta da ita, don rashin iska ya fi saurin kashe kifi a kan ƙarin gishiri. Ka gwada da kanka: kashe wutar akwatin duka, ka ga inda ruwa zai tsaya a tankin ƙasa, ka kunna, ka ga abin da na'urar za ta yi. Za ka kuma ji masu kiwon murjani na zuba ruwan kalsiyam da Jamusawa ke kira Kalkwasser a jarkar ciko. Yana da amfani, amma kaifinsa ya haura 12 a ma'aunin pH, in ya juye gaba ɗaya ba ya barin mai rai. Ka bar shi tukuna sai hannunka ya faɗa.

Abu na ƙarshe, kada ka ɗaura na'ura daren tafiya. Ka ɗaura ta tun saura mako biyu, ka zauna da ita ka ga halinta. Ka danne ɗan-iyo da yatsa ka ga ko gadi zai kashe inji. Kowane wata ka ciro sensa ka wanke da ruwan khal da tsohon buroshin haƙori, ka ɗauraye. Ranar tafiya ka bar makulli wurin wanda ka amince da shi, ya leƙa ko sau biyu ne. Ka nuna masa layin salatif, ka nuna masa filogin da zai zare in ya ga ruwa a ƙasa, ka ajiye masa ruwan ciko a gora da rubutu a jiki, kada ya ɗebo na famfo don neman lada.

Ɗana, waɗannan halittu ba su roƙe ka ka raba su da teku ba. Kai ka kawo su tsakiyar ƙasa, ka sa su cikin gilashi, ba su da kogin da za su gudu in ruwa ya ɓaci. Haƙƙinsu na wuyanka, kuma ba na'ura za a tambaya ba. Ka saye ta, ka mori amfaninta, amma jarka ƙarama, gadi biyu, awo kowane mako, idonka kuma kullum safiya ya kai kan layin nan kafin ka fita. In ka yi haka, ka taho gida hankalinka kwance, muna nan muna zuba ido. Ka gaishe da maiɗakinka, ka shafa mini kan yara. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Naka,
Kawu